Ƙwai Tara a Allo

Layi na sha huɗu, kujera ta shida.
Nan babana Stanislaw ya zauna shekara talatin,
nan nake zama tun da ya rasu,
da hularsa mai tambarin guduma, ta koɗe har ta yi fari.
Maƙera ake kiran kulob ɗinmu na besbol.
Maƙera! A garin da ya narka ƙarfe ya gina gadoji,
yau ƙarti tara sun kasa samun ƙwallo ɗaya da kulki.

Iskar tafkin Erie tana shigowa ta bayan fili,
ta kaɗa tuta, ta kwashe mini ɓawon gyaɗa,
ita kaɗai yaranmu ke samu in sun kai duka.
Na fari, iska. Na biyu, iska.
Na uku ya tsaya yana kallo kamar mai jiran bas.
Ni kuwa na san masu jiran bas,
shekara ashirin ina tuƙa lamba tara,
ko su sukan ɗaga hannu.

Delbert na gefena da littafinsa da guntun fensir,
tun yana saurayi yake rubuta kowane jifa.
Ya ce, "Lorraine, hannuna ya gaji da zana sifiri,
ko kajin ƙanwata ba sa jera ƙwai haka."

Zagaye na bakwai muka miƙe tsaye:
mutum uku a zanguna uku, kowa na hangen gida,
ga Pettibone tafe, shi kaɗai kulkinsa ke magana a watan nan.
Sai koci Hutchins ya leƙa kwamfuta,
ya yafito shi, ya ce koma benci,
wai lissafi ya ce bahago ba ya iya wa bahago.
Aka turo wani yaro da ko gemu bai tsiro ba.
Jifa uku. Muka zauna.
Na ji ƙarar kujeru dubu shida suna karɓar mutane
kamar an rufe ƙofar kotu.

Ruelas fa? Kada ku tambaye ni Ruelas.
Bara suka sayar da shi, kuɗi da yara biyu,
ɗaya na jinyar gwiwa, ɗaya ba mu taɓa ganinsa ba.
Yau ga shi cikin rigar baƙi, shuɗiya, ba ta ma yi masa kyau ba.
Akuyar da muka sayar ta dawo cin danga:
ya ɗaga ƙwallon ta haye katanga, ta haye fitilu,
ta dira wajen ajiye motoci
da aka ƙara wa kuɗi dala biyar a bana.
Wallahi na tafa masa.
Na tafa, idona na ƙaiƙayi.

Mai kulob ya aiko takarda mai sheƙi:
ku yi haƙuri, gini muke yi.
Mai haƙuri yakan dafa dutse, na sani,
to mun dafa, shekara takwas yana kan wuta,
ina romon?
Babana ya ga an rushe masana'anta an ce gini za a yi.
Ciyawa ce a wurin har yau.

Biyar da nema. Ƙwai tara cif.
Fitilu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.
Na ce na gama, na rantse da kabarin tsoho,
gara in zauna gida in yi wa kare wanka.

A matakala Delbert ya tsaya yana maida numfashi.
"Talata?" ya ce.
Na ce, "Allah ya kiyaye."
Muka sauka hawa goma ba wanda ya tanka.

A ƙofa na ce masa, "Wancan fensirin ya ƙare.
Zan zo maka da wani."